Jos, Garin Da Ke Gwada Ƙarfin Babur

Duk hanyar da mutum ya biyo zuwa Jos, hawa zai yi. Wanda ya fito daga Zariya ya biyo ta Saminaka da Jengre hawa yake yi, wanda ya taso daga Bauchi ya ratso Toro da Tilden Fulani shi ma haka. Amma wanda ya fi kowa sanin wannan magana shi ne mai tahowa daga kudu ta Akwanga, domin tilas ya haye Hawan Kibo, inda hanya ta naɗe dutse kamar rawani, manyan motoci suna nishi suna fid da baƙin hayaƙi. Garin Jos yana zaune ne bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, watau wajen ƙafa 4,000, duwatsun Shere kuwa da ke gabas da shi sun haura mita 1,800. Baƙo yakan fara jin wannan tsawo a kunnuwansa, sa'an nan a fatarsa, in sanyi ya soma ratsa taguwa. Inji ma yana ji, kuma a cikin injuna babu wanda ya kai na babur ji, domin baƙin man da ke cikinsa duka-duka bai wuce lita 1 ba.

A kan wannan lita guda abincin gidaje da yawa ya rataya a ƙasar Filato. Shi ya sa da na zaga garin ban nufi gidan tarihi ko gidan namun daji ba, inda kowane baƙo ke zuwa. Na bi rumfunan kanikawa da kantunan masu sayar da mai, don in ga yadda mutanen dutse ke zama da wannan dokin ƙarfe nasu.

Jos ta saba da inji tun tana jaririya, gama kuza ce ta haife ta. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwen Delma suna narka kuza suna fatauci da ita. A farkon ƙarni na 20 Turawan kamfanin Neja suka kafa sansani a Naraguta, ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, babban layin dogo kuma ya iso daga Kafanchan a 1927. Kamfanonin haƙar kuza suka shigo da injunan tonon ƙasa da na jan ruwa, aka kafa tashar lantarki a Kurra. Inda inji ya sauka kuwa bakanike na biye da shi. A wannan fage Birom da Hausawa da Ibo da Yarabawa da sauran kabilu suka koyi riƙon sifana kafaɗa da kafaɗa.

Babur ya yi tashensa na fari ne da aka biya kuɗin Udoji a 1975. Malamin makaranta da akawu da malamin asibiti kowa ya sayi nasa, wani Honda Benly, wani Roadmaster, wani Yamaha 100, 'yan gayu kuma Vespa. A wancan zamani babur abin ado ne, ana wanke shi ranar Asabar, ana goge shi kamar takalmin salla. Amma da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, tsarin tsuke bakin aljihu na SAP kuma ya biyo baya a 1986, sai abin ado ya koma abin neman abinci. Sana'ar da Kanawa ke kira acaba, Sakkwatawa su ce kabu-kabu, mutanen Ikko su ce okada, a Jos sunanta goyin. Daga baya baburan Sin irin su Jincheng suka cika gari, na Indiya irin su Bajaj Boxer da TVS suka biyo sawunsu.

A 2010, zamanin Gwamna Jonah Jang, aka yi dokar hana haya da babur a cikin Jos da Bukuru, aka tsananta aiki da ita a 2012, gwamnatocin da suka biyo baya kuma sun sha jaddada ta. Keke mai ƙafa uku ya karɓe manyan tituna. Sai dai babur bai bar Filato ba, matsawa ya yi zuwa inda aikin ya fi wuya. Shi ke sauko da buhunan dankalin Turawa daga gonakin Bokkos da Barkin Ladi zuwa bakin hanya, shi ke kai masara kasuwar Mangu ranar Juma'a, shi ke ɗauko kabeji da karas da tumatir daga fadamu, shi ke fito da buhunan kuza daga ramukan masu haƙa da hannu, kuma shi ke kai mace mai naƙuda asibiti daga ƙauyen da mota ba ta shiga.

SANYI DA TUDU DA ƘURA

Mai karatu na iya cewa ai babur babur ne, ko a Kano ko a Jos. To, ba haka abin yake ba, kuma dalilin yana cikin yanayin ƙasar.

A watannin Disamba da Janairu sanyin dare a Jos kan sauka zuwa wajen digiri 10 a ma'aunin Salsiyos. Baƙin mai kuwa halinsa ɗaya da zuma, sanyi na sa shi kauri. Babur ya kwana a waje, man ya taru a ƙasan inji ya yi nauyi, da asuba mai shi ya tashe shi. Kafin famfo ya tura man ya isa kan inji, inda bawul-bawul suke, akwai ɗan lokacin da ƙarfe ke gugar ƙarfe kusan a bushe. Wanda ya murɗa totur a wannan lokaci don ya ji ƙara, yana cin rayuwar injinsa ne da hannunsa. Abin da ya kamata shi ne a bar shi ya yi ɗumi na minti ɗaya ko biyu, a mai da cok wurinsa da zarar injin ya tsaya da ƙafarsa, sa'an nan a tafi a hankali. Bugu da ƙari, injin da ke yin gajerun tafiye-tafiye cikin sanyi ba ya yin zafin da zai kori tururin ruwan da ke taruwa a cikinsa. In an buɗe murfin mai aka ga wani abu fari-fari kamar koko ya manne a jiki, to ruwa ne ya gauraya da man.

Tudu kuma nasa sha'anin daban. A tsawon Jos iska ta fi ta bakin teku sauƙi da fiye da kashi 1 cikin 10. Kafireton da aka saita don Ikko ko Onica yakan ba da fetur daidai yadda ya saba, alhali iskar da za ta ƙone shi ta ragu. Fulogi ya yi baƙi, toka ta sauka cikin mai, ƙarfin babur ya ragu. Sai mai tuƙi ya sa ƙaramar giya ya buɗe totur, ga buhu biyu a baya, ga hawa. Waɗannan ƙananan injuna kuwa iska ce ke sanyaya su, ba ruwa ba, a hawa kuma tafiyar ba ta da saurin da iska za ta buge su sosai. Man da ya yi kauri kamar zuma da asuba, kafin hantsi ya tsinke kamar ruwa. Watau a cikin safiya guda ana neman abu biyu masu karo da juna daga lita guda.

Sai ƙura. Tun daga Nuwamba iskar hunturu ke kwaso ƙura daga hamada, har daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe duwatsu. Filato kuma tana da tata ta gida. Wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barkin Ladi zai ga tulin ƙasa da kududdufai da kamfanonin kuza suka bari, yashin da aka wanke aka zubar shekaru aru-aru yana nan iska na wasa da shi. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen fistin tauri. In ta sami hanya ta shiga inji ta haɗu da mai, ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin zobban fistin da bangon bulok a hankali, ba ƙara ba gargaɗi, sai ranar da aka ga shuɗin hayaƙi na fita ta salansa.

DILIMI

Wanda ke son ganin cinikin kayan inji a Jos sai ya gangara Dilimi, ba nisa da Taminus, inda babbar kasuwar gari take kafin gobara ta cinye ta a watan Fabrairu na 2002. A Dilimi kanti na jingine da kanti, taya da sarƙa da gaskit na rataye a ƙofa, yaran kanikawa na kai da kawo da tsohon ƙarfe a hannu don a ba su irinsa. A nan, da sauran wurare irinsa a Bukuru da Farin Gada, mutum zai ga baƙin mai iri biyu. Akwai na cikin roba mai hatimi, da sunan kamfani da lambobi a jiki. Akwai kuma wanda ake ɗurawa daga duro a tsofaffin kwalabe, a jera a rana, babu suna babu lamba.

Lambobin nan ba ado ba ne. In an rubuta 20W-50, lambar farko tana nuna yadda man zai gudana cikin sanyi, ta biyun kuma tana nuna kaurin da zai riƙe in inji ya yi zafi. Man da aka rubuta wa SAE 40 kaɗai an yi shi ne da zafi a zuciya, da asubar Jos kuwa nauyi yake yi. Sa'an nan akwai alamar 4T, wadda ke nufin man babur ne irin na yanzu, da alamar JASO MA, ƙa'idar da Japanawa suka fitar a 1998. Dalilinta shi ne, a babur mai ɗaya ne ke wanka wa inji da giya da kuloci baki ɗaya, ba kamar mota ba inda inji da giya kowanne ke da nasa. Wasu mayukan mota na zamani an sa musu sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, in aka zuba su a babur sai kuloci ya riƙa zamewa, a murɗa totur inji ya yi ihu amma babur ba ya gaba. A tsakiyar hawa da kaya, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Na kwalba kuwa sau da yawa ɗanyen mai ne wanda ba a haɗa shi da sinadaran da ke wanke datti da hana tsatsa da riƙe kauri ba, wani lokaci ma tsohon mai ne aka tace aka sake sayarwa. A ido ya fi kowanne kyau, garau kamar man gyaɗa. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irin wannan a kasuwannin ƙasar nan, ta kuma sha gargaɗin a duba tambarin NIS da hatimin murfi. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 tana da sashen da aka gina musamman don yin ɗanyen man inji, amma ta yi shekaru ba ta aiki, saboda haka daga waje ake shigo da shi da kuɗin waje. Da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki Naira a watan Yuni na wannan shekara, farashin baƙin mai ya yi tashin gwauron zabi. Talaka ya dubi roba ya dubi kwalba ya dubi aljihunsa. Ba a zarge shi ba, amma Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado.

A RUMFAR BAKANIKE

Juye aiki ne na minti 15, amma a cikinsa ake gane bakaniken kirki. Yakan sa a kawo babur da ɗuminsa, don mai ɗumi ya fi fita da dattinsa. Ya kafe shi a kan tsayuwar tsakiya a wuri mai daidai, ya goge ƙasar da ke kewaye da noti kafin ya kwance, ya tara kwano. Ba ya barin yaro ya wanke cikin inji da fetur ko kananzir, domin abin da ya rage a ciki zai tsinka sabon man. Wajen ɗaurewa ba ya hawa kan sifana, gama jikin injin alminiyon ne, in zaren noti ya lalace an sayi wata wahala. Sa'an nan ya auna abin da kamfani ya rubuta a jikin inji, ya tashe shi na ɗan lokaci, ya kashe, ya duba sandar awo. Ƙarancin mai na kashe inji, yawansa kuma na sa shi kumfa ya fasa roba.

Inda aka fi yin sakaci shi ne wajen filta, domin da yawa daga masu babur ba su san akwai ta ba. Yawancin ƙananan baburan nan ba su da filtar gwangwani irin ta mota. Abin da suke da shi wata 'yar raga ce kamar rariya a ƙasan inji, wadda ke tare manyan ɓarɓashi, ana ciro ta a wanke a mayar. Da yawa kuma suna da wani ɗan kwano a cikin murfin dama, wanda ke juyawa tare da inji yana wurga datti jikin bangonsa, kamar yadda ake kaɗa nono mai ya ware. Wannan kwano sai an buɗe murfi ake ganinsa, akwai baburan da suka tsufa ba a taɓa buɗe nasu ba, dattin ya daskare kamar yumɓu. Wasu samfurori suna da filtar takarda, ita kuwa ba a wanke ta, canzawa ake yi.

Amma a ƙasar ƙura uwar filtoci ita ce ta iska, wadda ke cikin akwati a gefen babur. In ta soso ce, a wanke ta da kananzir, a matse ba tare da an murɗe ta ba, a bari ta bushe, a jiƙa ta da mai mai tsabta, a sake matsewa. Wannan ɗan maiƙo shi ke kama ƙura, busasshen soso kuwa ƙofa ce a buɗe. In ta toshe, injin da tun asali iska ba ta ishe shi a kan dutse ba sai ya ƙara shaƙewa, fetur ya riƙa tafiya a banza. Akwai samarin da ke cire ta ɗungum wai don babur ya ƙara gudu. Gudun yakan ƙaru na 'yan makonni, daga nan sai a sauke inji.

Wannan sakaci ba mutanen Filato suka fara shi ba. A 1974 kamfanin Honda ya aika injiniyoyinsa ƙasashen Asiya su ga abin da ke kashe baburansa. Suka tarar ana lodin mutane da kaya fiye da kima, ana barin mai har ya yi kauri ya yi baƙi, ba a zuwa wurin gyara sai babur ya tsaya. Suka koma gida suka ƙera CG125, wanda ya fito a 1975, da inji mai jure wulakanci da filtar soso da za a iya wankewa a mayar. Baburan Sin da yawa da suka shigo ƙasar nan a kan tsarinsa aka kwaikwaye su. Watau tun a masana'anta an yi wa halinmu tanadi. Amma juriya tana da iyaka, jaki ma in an matsa masa kwanciya yake yi.

To, yaushe ya kamata a yi juye? Ɗan littafin da ke zuwa da kowane babur ya faɗi adadin kilomita, ya kuma ce a rage in ana aiki cikin ƙura ko da kaya masu nauyi, wanda shi ne halin Filato kullum. Sabon babur ana yi masa juyen fari tsakanin kilomita 500 da 1,000, don fid da ɓarɓashin ƙarfen da sabon inji ke zubarwa. Sai dai agogon tafiya na yawancin baburan haya ya daɗe da mutuwa, saboda haka masu hankali suka koma ƙidaya da kwanaki, wani ya ɗaure abin da ranar kasuwa, wani da ranar Juma'a ko Lahadi. Dabara ce mai kyau, muddin ana duba sandar awo kowace safiya a tsakani.

LISSAFI

Yawancin yaran da ke bisa waɗannan babura ba nasu ba ne. Wani na maigida ne, yana kawo balas kowace yamma, wani kuma bashi ne ana biya mako-mako har ya zama nasa. In ciniki ya yi ƙasa, fetur ba ya jira, balas ba ya jira, cefane ba ya jira. Baƙin mai kaɗai ke yin shiru in an ɗaga masa, saboda haka shi ake ɗagawa. Ranar da inji ya buga, kuɗin fistin da zobba da bulok da ladan bakanike sun ninka kuɗin litar mai sau da yawa, ga kwanakin zaman banza, ga rigima tsakanin yaro da maigida kan wanda zai biya. Da masu ba da babur za su sa kuɗin juye a cikin yarjejeniya tun ran fari, a san wanda ke ɗauke da shi da ranar da za a yi, da an huta da shari'u da yawa a ofisoshin ƙungiya.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Kowa ya san irin rikice-rikicen da Jos ta gani a 2001 da 2008 da 2010, da hare-haren da ƙauyukan Mangu da Bokkos da Barkin Ladi suka sha a 2023. A ƙasar da hankali bai gama kwanciya ba, babu mai son babur ya mutu masa da almuru a hanyar da ba kowa, ko a unguwar da ba a san shi ba.

Daga ƙarshe sai tsohon man da aka juye. Wasu na saye su shafa wa katako saboda gara, wasu su shafa wa injin bulo, amma mai yawa a kwata yake ƙarewa, ruwan sama na fari kuma ya kwashe shi zuwa rafin Dilimi. A bakin wannan rafi ne masu lambu ke ban ruwan latas da kabeji da alayyafon da ake ci a gari. Ruwan kuwa ba a Jos yake tsayawa ba, yana gangarawa arewa ya shiga kogin Bunga, ya zama kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja, har ya kai tafkin Chadi. Abin da yaron bakanike ya zubar a Farin Gada, masunci a ƙasar Yobe na da rabo a ciki. Duro guda a kowace rumfa, da mai zuwa kwashewa a kai inda ake sarrafa shi, ba abin da ya fi ƙarfin ƙungiyoyin kanikawa da hukumar tsabtace muhalli ta jiha ba ne.

Kamfanonin kuza sun tafi da manyan injunansu, sun bar ramuka da tulin yashi. Injin da ya rage yana ɗauke da tattalin arzikin ƙauyukan Filato ƙarami ne, mutum biyu na iya ɗaga shi, abin da yake roƙo kuwa bai taka kara ya karya ba: lita guda ta man kirki a kan lokaci, da soso mai tsabta, da haƙurin minti biyu da asuba. Ina jawo hankalin masu babura a Jos da sauran garuruwan ƙasar nan da su riƙa ba shi wannan haƙƙi nasa, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya kiyaye hanya, ya ba Filato zaman lafiya mai ɗorewa, amin.